Bolt, Amfiya, Om da Wat: Lissafin da ke Jikin Cajarka

Tambayoyin da masu karatu suka turo daga unguwannin Kano a wannan makon kusan duk wuri ɗaya suka dosa: caja mai zafi, kebul mai jinkiri, soket mai narkewa, batirin da bai kai abin da aka rubuta a jikinsa ba. Lissafi ɗaya ne yake warware su, kuma bai wuce sau da rabawa ba. Na sa tambayar ɗalibi a gaba saboda duk sauran a kanta suka ɗoru. Da yake kuma Bahaushe yana kiran abin magana waya, na wuta ma waya, a nan yawanci in na ce waya ta hannu nake nufi, ɗayar kuwa zan ce kebul ko wayar wuta.

Tambaya daga wani ɗalibi, Ɗorayi: Malam, ina ajin ƙarshe a sakandare. An ba mu aiki: na'ura tana jan amfiya 0.5 daga batiri mai bolt 12, a nemo turjiyarta da wat ɗin da take ci. Na haddace ƙa'idar amma ban gane ma'anarta ba.

Amsa: Ƙanena, ajiye haddar tukuna, ka ɗaga kai ka dubi tankin ruwan da ke saman masallacin unguwarku. Tsayin da aka ɗora tankin shi ke sa ruwa ya sauko da ƙarfi. A wutar lantarki wannan matsin shi ne bolt. Yawan ruwan da ke bi ta bututu a kowace daƙiƙa shi ne amfiya. Ƙuncin bututun, ko tsatsar da ta fara toshe shi, ita ce turjiya, kuma da om ake auna ta. Aikin da ruwan ke yi a kowace daƙiƙa kuwa shi ne wat. In aka ƙara wa tankin tsawo ruwa ya ƙaru, in bututu ya ƙuntata ruwa ya ragu. Abin da wani malamin makaranta Bajamushe mai suna Georg Ohm ya tabbatar da gwaji ke nan, ya wallafa a 1827, har aka sa wa ma'aunin turjiya sunansa.

A rubuce ana cewa V = I × R. V bolt ne, I amfiya, R turjiya. Tunda turjiya kake nema, juya shi: R = V ÷ I. Ka raba 12 da 0.5, ka sami om 24. Wat kuwa P = V × I, wato 12 sau 0.5, wat 6. Aikinka ya ƙare.

Amma ka riƙe wasu hanyoyi biyu na nemo wat, don su ne za su yi ta dawowa a ƙasa. Ta farko P = I × I × R: 0.5 sau 0.5 sau 24, wat 6. Ta biyu P = V × V ÷ R: 144 a raba da 24, wat 6 dai. Duk ta inda ka bi gida ɗaya za ka iso, kuma da haka za ka duba amsarka a ɗakin jarrabawa ba tare da ka leƙa takardar maƙwabci ba.

Inda ɗalibai suka fi zamewa shi ne miliamfiya. Idan aka rubuta 500mA, sai ka raba da 1,000 ka mai da shi amfiya 0.5 kafin ka taɓa lissafi. Wanda ya manta zai ce ɗan ƙwan fitila yana cin wat 6,000, abin da injin markaɗe ma ba ya ci. Duk amsar da ka samu, ka tambayi kanka ko hankali zai ɗauke ta.

Tambaya daga wata uwargida, Gwale: Cajar wayata ta asali ta ɓata, a jikinta an rubuta 5V 2A. Yarona ya sayo wata mai 5V 3A. Ina tsoron kada ƙarfinta ya ƙona mini waya.

Amsa: Hajiya, ki kwantar da hankalinki, ki jona. Lambar amfiya da ke jikin caja ba abin da take tura wa waya dole ba ne, iyakar abin da za ta iya bayarwa ne in an nema. Waya ce ke ɗibar abin da take buƙata, kamar yadda mai ɗiban ruwa a randa ba ya shanye randar don ta cika. Tsohuwar cajarki wat 10 take iya bayarwa, 5 sau 2. Sabuwar wat 15. Wayarki in wat 10 take so, shi za ta ɗiba, cajar ma ta fi samun sauƙi, ba za ta yi zafi kamar waccan ba.

Abin da ake tsoro shi ne bolt, don shi ake turawa ko an so ko ba a so ba. Za ki ga wasu cajojin an rubuta musu layi biyu ko uku, misali 5V 3A da 9V 2A. Waɗannan masu saurin caji ne, kuma ta ƙwarai da bolt 5 take farawa, ba ta hawa 9 sai wayar da kanta ta nemi haka. Wayar da ba ta san wannan yaren ba a bolt 5 za a bar ta.

Damuwata ɗaya ita ce ko cajar ta gaskiya ce. Rubuta 3A a jikin roba ba wuya. In kin ɗaga ta kin ji ba nauyi kamar kwalin ashana, ko allon wayar yana rikicewa yana danna kansa in tana caji, ki ajiye ta.

Tambaya daga wani ma'aikaci, Hotoro: Cajar laftof ɗina 19.5V 3.33A ce. Na samu wata mai baki iri ɗaya, 19.5V 2.31A. Za ta yi?

Amsa: Malam, yi lissafin: 19.5 sau 3.33 wat 65 ne, 19.5 sau 2.31 kuwa wat 45. Ka rage wa kwamfutarka wat 20. Za ta iya kunnuwa, amma cajin zai yi ta jan ƙafa, cajar ta yi zafi don kullum a iyakar ƙarfinta take, in kuma ka buɗe aiki mai nauyi batirin ya dinga sauka alhali tana jone. Wasu kwamfutocin ma gargaɗi za su nuna maka su rage saurin aiki. Da mai 4.62A ka samu, wato wat 90, da ba matsala. Bolt ya zama daidai, baki ya zama nata, amfiya kuwa ko daidai ko sama.

Tambaya daga wani mai gyaran waya, kasuwar Farm Centre: Kan caja ɗaya, waya ɗaya, amma wani kebul yana cika ta cikin awa biyu, wani sai awa huɗu. Na auna su da mita, duka tana ƙara alamar sun haɗu. Mene ne bambancin? Sannan in na jona allon cikin waya, wanda kayan lantarkinta ke kai, a injin ba da wuta na tebur, amfiyar da yake nunawa me take gaya mini?

Amsa: Maigida, ƙarar da mita ke yi tana gaya maka silin cikin kebul bai tsinke ba ne kawai, ba ta gaya maka kaurinsa ba. Kebul ma yana da turjiya, kuma sau biyu ake lissafa tsawonsa, don wuta tana zuwa ta wani silin ta dawo ta wani. Siririn silin da ake sa wa kebul mai arha, wanda ake kira lamba 28, yana da kusan om 0.21 a kowace mita. Kebul mai tsawon mita ɗaya ke nan om 0.42 zuwa da dawowa, ban da bakunan. Idan waya ta nemi amfiya 2, bolt ɗin da zai zube a hanya shi ne 2 sau 0.42, kusan 0.85. Caja ta ba da 5, waya ta karɓi 4.15. Ita kuwa aisin caji, wato 'yar na'urar da ke kula da caji a cikin waya, da ta ga bolt ya faɗi ƙasa da wajen 4.4 sai ta ɗauka cajar ce ta gaza, ta rage abin da take ja zuwa amfiya ɗaya ko ƙasa. Ga awa huɗunka nan. Kebul mai silin lamba 24 kuwa om 0.08 yake da shi a mita, zubar ba ta kai rabin waccan ba. A wannan ma'aunin, ƙaramar lamba ita ce sili mai kauri.

Mitarka ba za ta iya bambance su kai tsaye ba, domin igiyoyinta kansu suna da om 0.2 zuwa 0.5. Haɗa bakunansu biyu ka gani. Hanyar da ke aiki ita ce ta ƙa'idar Ohm. Ka nemi ɗan ma'aunin USB ɗin nan mai allo da ke nuna bolt da amfiya. Ka jona shi a bakin caja, kebul a bayansa, waya mai ƙarancin caji a ƙarshe, ka rubuta abin da ya nuna. Sannan ka auna bolt ɗin da ya isa ɗaya ƙarshen yayin da wutar ke gudana. A ce a bakin caja 5.1 ne, a ƙarshe 4.3, amfiya kuma 1.5. Bambancin 0.8, a raba da 1.5, om 0.53. Wannan kebul ɗin na shara ne. Wanda ya tsaya wajen om 0.2 ko ƙasa shi za ka sayar wa mutum ka kwana lafiya. Kada ka manta da ƙura: a lokacin hunturu bakin caji yana cika da ita, tana hana baki ya zauna sosai, wannan ma turjiya ce. Tsinken sakace da haƙuri sun warkar da wayoyi da yawa da aka yi niyyar canja musu bakin caji.

Daga nan za ka gane dalilin da ya sa masu ƙera waya suka ɗaga bolt don saurin caji maimakon amfiya. Wat 18 a bolt 5 yana buƙatar amfiya 3.6. A kebul mai om 0.3, abin da zai zama zafi shi ne 3.6 sau 3.6 sau 0.3, kusan wat 4. A bolt 9 kuwa amfiya 2 ta isa, asarar wat 1.2 kacal. Dabarar ke nan da ta sa wutar da ke shigowa tashar Kumbotso take zuwa a bolt 330,000, sai an sauke ta hawa-hawa kafin ta iso gidajenmu a 230.

Batun injin tebur kuwa: ka saita shi wajen bolt 4, ka jona a inda batiri ke zama. Kafin ka danna maɓallin kunnawa, allo mai lafiya sifili zai nuna ko kusa da shi. In ya tashi nan take ya nuna amfiya 2, lissafa: 4 a raba da 2, om 2 ke nan tsakanin layin batiri da ƙasa, wato akwai shot, wuta ta sami gajeriyar hanya. Kuma 4 sau 2, wat 8 ne ke tafiya cikin abu guda da bai kai ƙwayar gero ba, yawanci kafasita. Shi ya sa yake zafi, shi ya sa kuma in ka ɗiga sifirit a allon, inda ya fara bushewa nan ɓarawon yake. Ka rage iyakar amfiyar injin kafin ka jona, kuma kada ka bar shi ya daɗe, don zafin yana iya cin layin da ke cikin allon.

Tambaya daga wani maniyyaci, Fagge: Na sayi fawa banki mai 20,000mAh, batirin wayata 5,000mAh. Na ɗauka sau huɗu zai cika ta, amma sau uku yake yi da kyar. An cuce ni ne? Kuma za a bar ni in hau jirgi da shi?

Amsa: Alhaji, Allah ya kai mu lokacin. In sau uku yake yi, ba a cuce ka ba. Lambar mAh ba ta da ma'ana sai an haɗa ta da bolt. Batirin da ke cikin fawa banki bolt 3.7 ne, don haka abin da ya ajiye shi ne amfiya 20 na awa ɗaya sau 3.7, wato 74Wh, wat 74 na awa ɗaya. Na wayarka 5 sau 3.85, kusan 19Wh. A takarda ya kusa sau huɗu. Amma sai fawa bankin ya ɗaga 3.7 zuwa 5 kafin ya fitar, wayar kuma ta sake sauke shi, kowane mataki yana cin nasa kason ya mai da shi zafi, kebul ma ya ci nasa. Abin da ke isa batirin waya bai cika wuce kashi uku cikin huɗu ba, kusan 55Wh, wanda shi ne sau ukun da kake gani. Na jabu shi ne wanda ba ya kai sau biyu, kuma nauyi yana tona shi: mai 20,000 na gaskiya ba ya gaza giram 300.

Kamfanonin jiragen sama da Wh suke aiki, kuma iyakar da aka saba ita ce 100Wh. Naka 74 ne, ya shige. Sai dai a jakar hannu ake riƙe shi, ba a cikin kayan da za a auna a sa ƙarƙashin jirgi ba.

Tambaya daga wani mai wanki da guga, Kurna: Dutsen gugana wat 1,000 ne. In NEPA suka kawo wuta mai rauni, mita ta nuna 160, sai ya zama kamar ba a jona ba. Ai daga 230 zuwa 160 ba rabi ba ne, me ya sa zafin ya tafi haka?

Amsa: Ɗan'uwa, tambayarka ta masu lura ce. Wat 1,000 da aka rubuta alkawari ne da ya dogara da bolt 230. Abin da ba ya canjawa a dutsen shi ne turjiyar igiyar zafinsa. Nemo ta: 230 sau 230 ya ba da 52,900, a raba da 1,000, kusan om 53. Yanzu sa 160: 160 sau 160 ya ba da 25,600, a raba da 53, wat 483. Bolt ya ragu da kashi 30 cikin ɗari, zafi ya ragu da fiye da rabi, saboda bolt ɗin sau biyu yake shiga lissafin. Raguwar bolt ta rage matsi, ta kuma rage amfiyar da ke shiga, asara biyu a lokaci guda. Hita da butar lantarki da risho na wuta duk haka suke.

Wannan om 53 ɗin zai yi maka amfani ranar da dutsen ya ƙi zafi gaba ɗaya. Cire shi daga soket, murɗa maɓallin zafi ya kunnu, sa mita a kan om, ka taɓa ƙafafun filogi biyu na ƙasa. In ka ga wajen 50 zuwa 55, igiyar zafi lafiya take. In mita ta nuna OL ko 1 a gefen hagu, wani wuri ya tsinke: ko fis, ko kebul ɗin daga inda yake lanƙwasa, ko igiyar zafin. Sannan ka taɓa ƙafa ɗaya da ƙarfen dutsen. Nan OL ake so. In lamba ta fito, wuta tana zuba a jikinsa, kada a ƙara guga da shi sai an gyara.

Kada dai a ɗauki wannan lissafin a ɗora wa komai. Firji da injin jan ruwa akasin haka suke yi: in bolt ya faɗi, motar lantarkin da ke cikinsu ta kasa juyawa da kyau sai ta ƙara jan amfiya, ta yi zafi, kwal ya ƙone. Dutsen guga a wuta mai rauni lalaci kawai yake yi, firji kuwa mutuwa yake. A kashe shi har wutar ta daidaita. Cajar waya da ta laftof su kuma, in ka duba za ka ga an rubuta 100-240V, don haka 160 bai dame su ba. Sitabilaiza tana ɗaga bolt, amma ba ta ƙirƙiro wat daga iska, amfiya take ƙara ja daga layin. In unguwa duka ta jona, tiransifoma ce ke ji a jikinta.

Tambaya daga wani ɗan koyo, Sabon Gari: Na sa mita a kan 10A na cusa igiyoyinta a soket don in ga amfiya nawa wutar NEPA take da shi. Ta yi tartsatsi ta mutu. Me na yi ba daidai ba?

Amsa: Yaro, ka gode wa Allah da mita ce kawai ta tafi. Soket ba shi da amfiyar da za a auna, bolt yake da shi. Amfiya sai an jona kaya take samuwa, kuma kayan ne ke yanke yawanta. Mita in tana kan amfiya, cikinta kusan wayar wuta ce miƙaƙƙiya, turjiyarta wajen om 0.01. Raba 230 da 0.01 ka ga abin da ka gayyato: a takarda amfiya 23,000. Wayoyin gida sun rage shi, amma abin da ya wuce ya isa ya narkar da bakin igiya.

Bolt ana auna shi ne a kan baki biyu, jar igiya tana ramin V. Amfiya kuwa sai an yanke hanyar wuta an sa mita a tsakani, wutar ta bi ta cikinta ta wuce zuwa kayan. Om kuma ba a auna shi sai an cire wuta gaba ɗaya, in a kan allo ne ma a ɗaga ƙafa ɗaya ta abin, don kada maƙwabtansa su shiga lissafin. Da ka gama auna amfiya, mai da jar igiyar ramin V nan take, don mantuwar nan ita ta fi kashe mita. A wutar gida kuwa ka bar wannan hanyar, ka nemi mita mai baki kamar ƙaguwa, wadda ake maƙalawa a jikin wayar wuta ba tare da an yanke ta ba. Sili ɗaya ake maƙalawa. In ka haɗa biyun sifili za ka gani, domin mai zuwa da mai dawowa suna soke juna.

Tambaya daga wani mai Adaidaita Sahu, Naibawa: Ina so in sa ɗan jan ƙwan LED a gaban mashin, duk wanda na jona kai tsaye sai ya ƙone.

Amsa: Direba, ƙwan bolt 2 yake so da amfiya 0.02, ba ya kuma iya tare wa kansa wuta, sai an sa masa rizisto, ɗan abin da ke ƙara turjiya. Kada ka yi lissafi da 12, don in inji yana aiki batirin yana kai wa 14. Cire 2 daga 14, saura 12, a raba da 0.02, om 600. Wanda ake samu a kasuwa kusa da shi ta sama 680 ne, mai zanen shuɗi, ruwan toka, ruwan ƙasa. Zafin da zai ɗauka kusan wat 0.2 ne, don haka ka ce a ba ka mai rabin wat. Doguwar ƙafar ƙwan ita ke kallon fositib.

Tambaya daga wani mai shagon cajin waya, Rijiyar Lemo: Ina cajin waya kusan 40 a lokaci guda, da fanka da ƙwai uku. Ekstenshan ɗina suna narkewa a wajen filogi. Kayan ne suka yi yawa? Kuma janareto mai ƙarfin nawa ya ishe ni?

Amsa: Malam, mu ƙirga. Waya 40 a wat 10 kowace, wat 400. Cajojin suna ɓatar da nasu, a ce 500. Fanka wajen 70, ƙwai uku 30. Jimla wat 600. A raba da 230, amfiya 2.6 kacal. Filogi mai ƙafa uku da fis ɗin 13A yana ɗaukar kusan wat 3,000, don haka yawan kaya ba shi ne ciwonka ba. Ciwonka sakwarkwacewa ne. Inda ƙarfe bai kama ƙarfe da kyau ba, ko ya yi baƙi, turjiya ke taruwa, kuma zafi I × I × R ne. Baki mai om 1 a amfiya 2.6 yana fitar da kusan wat 7 a wuri kamar kan ƙusa, awa goma sha biyu a rana, cikin zafin Afrilu. Zafin ya sassauta ƙarfen, turjiya ta ƙaru, zafi ya sake ƙaruwa, har roba ta sallama. Ranar da wani ya jona butar shayi mai wat 2,000 a wannan layin kuwa, amfiya ta haura 11, ko da om 0.3 ne bakin, ka samu wat 36, daidai da ƙarfen soda. Maganin: a daina jera ekstenshan a bayan ekstenshan, a kafa soket na bango a jikin katako da wayar wuta mai kauri 2.5mm², a ɗaure kowane sukuru tamau, duk filogin da ya fara baƙi a jefar. Da yamma ka bi su da bayan hannu, wanda ya yi ɗumi shi ne mai laifi.

Janareto kuwa da kVA ake rubuta shi, kuma ba daidai yake da wat ba. Ka ninka da 0.8: mai 1kVA wat 800 ne. Naka 600 zai shiga, amma a takure, cajoji masu arha ma suna wahalar da inji fiye da abin da wat ɗinsu ya nuna. Mai 1.5kVA zai fi daɗewa. A mitar KEDCO kuma, yunit ɗaya wat 1,000 ne na awa ɗaya, don haka wat 600 na awa 12 yunit 7.2 ne a rana. Da wannan za ka san ko kuɗin da kake karɓa a kan kowace waya yana fitar da kai.

Tambaya daga wani magidanci, Rijiyar Zaki: An haɗa mini sola, batiri ɗaya 12V 200Ah da inbata 1kVA. Talabijin, fanka biyu, laftof da ƙwai nake kunnawa. Wayoyin da suka haɗa batiri da inbata suna zafi, inbata kuma tana kuka da wuri alhali batirin bai ƙare ba. Wayar 2.5 aka sa, tsawon mita uku.

Amsa: Alhaji, wanda ya haɗa maka ya yi tunanin wutar gida ne a inda ba ita ba ce. Kayanka kusan wat 300 ne: talabijin 60, fanka biyu 140, laftof 65, ƙwai 35. A ɓangaren bolt 230 wannan amfiya 1.3 ne, wayar 2.5 ko a jikinta. Amma a ɓangaren batiri bolt 12 ne kawai, inbata kuma tana cin nata, a ce wat 350 ake ja. Raba da 12, amfiya 29. Wat kusan daidai yake, amma amfiya ta ninka fiye da sau ashirin.

Turjiyar jan ƙarfe ana samunta haka: 0.0175 sau tsawo a mita, a raba da kauri. Mita uku zuwa, uku dawowa, shida ke nan: 0.0175 sau 6 a raba da 2.5, om 0.042. Lamba ce ƙarama, amma 29 sau 0.042 bolt 1.2 ne ke zubewa a hanya. Batirinka yana 12.2, inbata tana ganin 11, sai ta fara kuka don a ganinta ya kusa ƙarewa. Zafin da ke cikin wayar kuwa 29 sau 29 sau 0.042, wat 35, kashi ɗaya cikin goma na wutar da ka tara da rana. In ma wayar irin ta alminiyon ce da aka shafa wa jan ƙarfe a sama, turjiyar ta ƙaru da fiye da rabi. Kankare sili ɗaya da wuƙa, in fari ya bayyana a ciki ita ce. Ka yi wannan gwajin tun a shago in ka je saye a France Road.

Kuma ba da wat 300 za a zaɓi waya ba, da iyakar inbata ake zaɓa, don wata rana wani zai jona abin da ba ka sani ba. Wat 800 a bolt 12, da asara, ya kusa amfiya 80. A matso da inbata kusa da batiri, kada ta wuce mita ɗaya, a sa waya mai kauri 25. Turjiyarta om 0.0014, a amfiya 29 ɗin nan zubar bolt 0.04, zafin da bai kai wat 2 ba. A matse kawunan da kan tagulla na gaskiya, ba a naɗe sili a jikin ƙusar batiri ba.

Tsawon lokacin da zai ɗauke ka: 12 sau 200, 2,400Wh. Batirin ruwa ko na jel ba a so a sauke shi ƙasa da rabi in ana so ya yi shekaru, saura 1,200, a raba da 350, awa uku da kusan rabi. In za ka ƙara batiri nan gaba, gara ka koma tsarin bolt 24 da inbatarsa, amfiya ta ragu rabi, asarar waya ta koma kashi ɗaya cikin huɗu.

Abin da ban ji ka ambata ba shi ne fis. Turjiyar cikin batirin nan ba ta kai om 0.01 ba, don haka in sifana ta faɗo ta haɗa kawunansa, ko waya ta goge ta taɓa 'yar'uwarta, 12 a raba da 0.01 amfiya 1,200 ne, ya isa ya mai da waya jajir cikin daƙiƙoƙi. A sa fis ko bireka na DC mai amfiya 100 a wayar fositib, tazarar da ba ta wuce taƙi ɗaya daga kan batirin ba. Na wutar gida da ake sa wa a allon rarraba wuta ba zai yi ba, ka ce na DC kake so.